Daga Wuri Zuwa Salula: Tarihin Caca a Ƙasar Magariya da Dungas

Duk shekara, idan na kai ga darasin tilo da jam'i a ajin Hausa, nakan rubuta kalmar "wuri" a allo, in ce wa ɗalibai su ba ni jam'inta. Kusan dukkansu "wurare" suke cewa, domin wurin zama kaɗai suka sani. Sai in ciro ɗan farin ƙwanson nan da iyayenmu mata kan ɗaura wa jarirai a ƙugu, in ce wannan nake nufi, kuma jam'insa shi ne "kuɗi". Ajin yakan yi tsit, sannan a fashe da dariya. Yara ba su yarda ba cewa abin da ake kashe kai a kansa yau, asalin sunansa sunan ƙwanson teku ne. Da wannan ƙwanso kakanninmu suka sayi hatsi, da shi suka biya haraji da sadaki, kuma da shi suka yi caca. Wanda ke son fahimtar abin da ke faruwa da samarinmu a cikin salula, to ya fara bin sawun kuɗi, domin duk lokacin da kuɗi suka sake kama a wannan yanki, caca ma takan sake riga.

Ƙasar da nake magana a kai ita ce kudancin jihar Damagaram, wato gundumar Magariya da ta Dungas, wadda aka cire daga jikinta a shekarar 2011. A ƙidayar 2012 mutanen gundumomin biyu sun haura 900.000. Tsohuwar ƙasa ce. Dungas da Waca suna cikin masarautun Sosebaki, ita kuwa sarautar Magariya tushenta yana gidan Daura, daga cikin zuriyar da jihadi ya kora arewa a farkon ƙarni na 19. Daga baya duka suka shiga ƙarƙashin Damagaram, wadda ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu, daga 1851 zuwa 1884. Ayarin da ya taso daga Zindar zai nufi Kano, ta wannan kudancin yake ratsawa. Inda ayari ya yada zango kuwa, akwai mai tuwo, akwai makaɗi, akwai kuma tabarmar ƴan caca.

Wurin nan ba a ƙasarmu ake samunsa ba. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, daga baya aka ƙara da na gaɓar Zanzibar, wanda yawansa ya karya darajar kuɗin. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya ratsa Tasawa ya isa Kano a farkon 1851, ya tarar ana canjin riyal guda a kan wuri 2.500, ya kuma yi mamakin wahalar ƙirga su da hannu. Keso guda wuri 20.000 ne. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: a wancan zamani kuɗi suna da nauyi, suna da ƙara, ba su ɓoyuwa a aljihu.

Yadda ake wasan ba wani boyayyen ilimi ba ne. A shimfiɗa tabarma ko buzu, a zauna da'ira, mutum ya damƙi ƴan ƙwayoyin wuri ya watsa, a duba nawa suka kife, nawa suka buɗe baki, a san wanda ya ci. Abin wasan da abin da ake ci duk abu ɗaya ne. Amma ga abin da ya kamata a lura da shi: ba a iya yin wannan caca a ɓoye. Sai an sami abokan yi, sai an sami inuwa a bayan kasuwa, sai ranar da kasuwar ke ci. Wanda aka cinye, kowa ya ga an cinye shi. Idan ya tuɓe riga ya aza, a tsirara zai ratsa gari. Kafin ya isa gida labari ya riga shi, ƙanen uba yana zaune a zaure yana jiransa. Caca ta kasance tana da shaidu, tana da rana, tana da lokacin tashi, domin idan duhu ya yi, fitilar aci-bal-bal ba ta kwana tana ci.

Ba wai ina cewa cacar da ba ta rusa gidaje ba. Ta rusa. Hausawa sun san ɗan caca sani na ƙwarai, har suka ba shi gurbi a cikin iskokin bori. Ɗan Galadima, ɗan sarkin nan kyakkyawa mai ado, mai kyauta ba lissafi, ai da caca aka san shi. Ina ganin ba banza ba aka zana shi da kwarjini haka. Mutanen da sun gane cewa ba talauci kaɗai ke kai mutum tabarma ba. Akwai son a gani, akwai daɗin faɗuwar gaba a lokacin da wuri ke sama bai sauko ba. Malamai kuwa matsayinsu a fili yake tun fil azal. Aya ta 219 a Suratul Baƙara da aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun jera caca da giya a sahu ɗaya, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda babu zauren karatu a ƙasar Hausa da ba a biya ta, ta hana wasan nardi. Tun ina almajirin allo nake jin wannan. Sai da na girma na lura da hikimar haɗa caca da giya wuri guda, alhali ɗaya ana sha, ɗaya ba a sha. Zan dawo kan wannan.

Zamanin gyaɗa

Faransawa sun ci Zindar a 1899. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tsakaninsu da Ingilishi, da aikin kafa turaku da Tilho da O'Shee suka yi daga 1906 zuwa 1908, suka tsaga ƙasar Daura gida biyu. Yekuwa ta faɗo wannan gefe, Yardaji ta faɗa wancan, kamar yadda William Miles, wanda ya taɓa koyarwa a Magariya, ya bayyana a littafinsa na 1994 a kan waɗannan garuruwa biyu. Ingilishi suka hana shigo da wuri a 1904, Faransawa suka nace sai a biya haraji da tamma da dala. A hankali wuri ya koma kayan ado da na duba. Mutumin Magariya ya zama mai aljihu biyu: dala a dama, sule a hagu. Har yau haka yake, sai dai sefa, wadda aka ƙirƙiro a 1945, da naira, wadda ta fito a 1973, sun maye gurbinsu.

Abin da ya sauya caca da gaske shi ne gyaɗa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama hanyar samun kuɗin haraji, Magariya ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunanta a Nijar. Bayan samun ƴancin kai aka kafa SONARA a 1962 don sayen ta, aka kuma gina masana'antar mai ta SEPANI a garin Magariya. Wani Ba'amurke mai suna John Collins ya rubuta kundin digiri a 1974 a kan cinikin gyaɗa a wannan gunduma tun daga shekarun 1930, ya nuna yadda buhuna kan tsallaka iyaka da dare zuwa duk gefen da farashi ya fi tsoka. Manomi ya kwashe wata biyar yana duƙe, sannan a wuni ɗaya, a bakin sikeli, a damƙa masa kuɗin shekara gaba ɗaya. Takarda ce, ba keso ba. Tana shiga aljihu ba wanda ya ji ƙararta. Karta ta riga ta shigo tare da sojoji da direbobi da ƴan cin rani. Tsakanin sikeli da gida akwai tafiya, kuma a kan hanyar akwai masu jira.

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, ta sha ba ni labarin wani ƙanenta. Takan ce: "Maigida, zauna ka ji abin da karta ta yi wa gidanmu." Ya kai gyaɗar gandu awo a kan raƙumin aro, bai dawo ba sai bayan kwana uku, ba kuɗi, ba rawani. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba asarar ba ce, matakin da aka ɗauka ne. Ba a kore shi ba. Mahaifinsu ya tara dangi, aka kai magana gaban mai gari, aka yi shela cewa duk wanda ya ba shi rance ko ya karɓi jinginar gona daga hannunsa, ya yi don kansa. Shekara uku ba a sake aikensa bakin sikeli ba. Wansa ke karɓar kuɗi, shi kuma a auna masa hatsi. Liman ya riƙa jan shi a jiki, ya ba shi aikin ɗebo ruwan alwala. Takan ƙare da cewa ya mutu da gonarsa. Babu wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam a cikinsu, amma sun raba shi da kuɗi, sun toshe masa rance, sun cika masa lokaci, kuma ba su tozarta shi har ya bar gari ba.

Farin 1973 da 1974 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen wannan zamani. Kuɗin kaka suka ragu, cin rani zuwa Kano da Legas ya ƙaru, samari suka riƙa dawowa da sabbin wasanni.

Sai kuma hukuma da kanta ta shimfiɗa tabarma. Da tambola aka fara, sannan LONANI ta kawo cacar dawaki ta PMU, wadda ta bazu a ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da Faransanci a wajejen shekarun 1990. A Faransa aka haifi PMU a 1930, aka ƙago zaɓen dawaki uku na farko a 1954. Dawakin a Vincennes da Longchamp suke sukuwa, mu kuwa a nan muke zuba kuɗi. Ina ɗan koleji aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994, a daidai lokacin da albashi kan yi watanni bai fito ba. Na ga malamanmu, mutanen da suka koya mana nahawu da lissafi, sun duƙufa a kan takardar jerin dawaki da jan biro, suna nazarin dokin da ba su taɓa jin haniniyarsa ba. Wannan ce caca ta farko da ta sa rigar ilimi: sai wanda ya yi lakwal ke iya karanta takardar, don haka ba a kallonsa da idon da ake kallon ɗan karta. A nan kunya ta fara raguwa.

A ƙetaren iyaka kuma iska ta juya. Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a watan Oktoban 1999, Kano da Katsina da Jigawa suka bi a 2000. Aka rufe gidajen caca da na giya, masu su da yawa suka tsallako garuruwan bakin iyaka na Nijar. Wanda ya fi yin suna shi ne Firji, a jihar Maraɗi. A watan Nuwamban 2000, a tarzomar da ta ɓarke a Maraɗi saboda bikin nuna tufafi na FIMA, rumfunan caca suna cikin abin da aka fasa. Hani bai kashe sana'ar ba, ƙaura ya sa ta yi. Wanda ya san hanyar Tinkim zuwa Babban Mutum, ko ta Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya san cewa iyakar nan ba ta taɓa tsare abin da ke da riba ba.

Tabarmar da ba ta da shaidu

Salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, ajiyar kuɗi a cikinta ta biyo baya, sannan intanet. A bakin iyaka saurayi yakan riƙe layi biyu, na Nijar da na Najeriya. A watan Oktoban 2024 Hisbar Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, a watan Nuwamba kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Amma shago ake rufewa da kwaɗo. Gidan cacar da ke cikin salula rajistarsa tana iya kasancewa a tsibirin Kurasawo, ƙofarsa kuwa a aljihun yaron da ke kwance a ɗakin uwarsa a Dogo-Dogo.

Ka ga mun koma inda muka faro: abin wasa da jakar kuɗi sun sake zama abu ɗaya, kamar zamanin wuri. Bambancin shi ne duk shingen da na lissafa a baya ya faɗi. Babu abokan yi, babu ranar kasuwa, babu fitilar da za ta mutu. Wanda aka cinye ba ya tuɓe riga. Da safe zai fito fes, ya gaida mahaifinsa. Sukuwar PMU tana da sa'arta, sai a jira sakamako. Wasan ɗan jirgin nan da samari ke yi a fada, ana shan shayi, kowane zagaye daƙiƙoƙi ne.

Akwai lissafin da nake roƙon abokan aikina malaman lissafi su riƙa sawa a darasi. Ilimin yiwuwa kansa a kan teburin caca aka haife shi, a wasiƙun Pascal da Fermat na 1654. Ɗauki faifan rulet: lambobi 37 ne, wanda ya dace ana ba shi ninki 35 tare da abin da ya aza. Idan ka aza dala a kan kowace lamba, ka kashe dala 37, ka karɓi 36. Dala ɗayan nan ita ce abincin mai gidan, kimanin 2,7 cikin 100. Kaɗan ce a ido. Amma wanda ya riƙa mayar da abin da ya rage masa har sau 50, a matsakaicin lissafi kashi ɗaya cikin huɗu ne zai tashi da shi. Haka tikitin ƙwallo: a ƙaddara mai gida yana cire 5 cikin 100 a kowane wasa, to wanda ya jera wasa goma a tikiti ɗaya, jikkarsa goma ta koma darajar jikka shida tun kafin a busa usur. A cacar wuri, abin da Tanko ya rasa yana aljihun Jatau, cikin gari ɗaya, wataƙila gobe ya ranta masa. Wannan kuwa ficewa take yi daga ƙasar.

Yanzu in dawo kan caca da giya. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sa caca marar birki cikin jerin cututtuka a 1980, a 2013 kuma suka mayar da ita babi ɗaya da shaye-shaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi haka a kundinta da ya fara aiki a 2022, ta kuma ƙiyasta a 2024 cewa kimanin 1,2 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da ita. Alamominta sanannu ne: ƙara yawan abin da ake azawa, komawa don a ramo abin da aka rasa, ƙarya, rance, kasa dainawa bayan an yi rantsuwa. Mun yarda cewa yaron da tramol ya kama yana bukatar magani. Na caca kuwa har yanzu "ɗan iska" muke ce masa, mu juya baya.

A wasu ƙasashe an gina sababbin shingaye. Ƙungiyar ƴan caca masu taimakon juna ba tare da bayyana suna ba ta fara a Los Angeles a 1957. Ingila ta hana yin caca da katin bashi a 2020. A Faransa mutum yana iya kai sunansa da kansa a hana shi shiga gidajen caca na tsawon aƙalla shekara uku. Idan ka duba da kyau, shelar mai garin su kakata ce aka rubuta a takarda. Mu a nan muna da babban asibitin ƙasa na Zindar, kimanin kilomita 90 daga Magariya, inda ake duba masu damuwar ƙwaƙwalwa, kuma duk wanda bashi ya kai shi ga tunanin halaka kansa, can ya dace a kai shi ba tare da jinkiri ba. Muna da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a Maraɗi a 1991, da asusunsu da ba ya buɗuwa sai a gaban jama'a. Muna da kawu da baffa da liman. A ganina, abin da ƙungiyoyin al'adu za su yi ba shirya wani wasan kwaikwayo na zagin ɗan caca ba ne. An yi su da yawa, kuma wanda ake yi dominsa yana zaune a bayan fage yana latsa salula. Abin da babu shi ne zauren da mutum zai shiga ya faɗi adadin bashinsa ba a yi masa dariya ba.

A ƙarshen 2023 wani tsohon ɗalibina ya yi mini sallama bayan isha'i. Da yana sayar da man ruwa-ruwa a bakin hanya, sai janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayu da rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli suka kashe kasuwar. Ya karɓi babur yana kabu-kabu, yana biyan mai shi duk mako. Ya daɗe yana wasa da yatsunsa kafin ya ce: "Mushe, adashin inna na taɓa. Niyyata in ninka in mayar." Na tambaye shi nawa. Ya faɗi rabi. Sai da muka yi zama uku kafin jimillar ta fito: jikka 240, a hannun mutum shida.

Ban biya masa ba, ko da ina da su ba zan biya ba, domin bashin da aka share wa ɗan caca a dare ɗaya jari ne aka ba shi. Muka je wurin kawunsa tare. Ya saurara har ƙarshe, bai ɗaga murya ba, ya ce: "Ɗana, ka kyauta da ka zo da ƙafarka." Aka rubuta sunayen masu bin bashi a littafi, aka je wa kowanne da magana. Ya miƙa babbar salularsa, ya karɓi ƙarama mai tocila. Cinikin kowace rana kawu yake kai wa da magariba, a cire na mai babur, a cire na bashi, a ba shi na abinci. Uwar, shi da bakinsa ya gaya mata.

Da aka fara gasar cin kofin Afirka a Kodibuwa a watan Janairun 2024, ya ari salular wani abokinsa a fada, ya zubar da cinikin kwana biyu. Kashegari ya je ya faɗa wa kawun tun kafin a tambaye shi, aka ƙara layi ɗaya a littafin. Adashin innarsa aka fara biya. Na baya-bayan da ya karɓi kuɗinsa shi ne mai shayin fadarsu, wanda ya ce a bar shi a ƙarshe.